Kayan Neman Aurena a Motar Kamfani

Maganin ciwon suga a cikin ƙaramin firij. Injin markaɗe. Katifa a naɗe. Takalman ƙwallo. Takardun kotu a ambulan. Wayoyi, man gashi, fanka. Sai akwati guda, ruwan toka, an lulluɓe shi da leda. A cikinsa akwai goro, dabino, alewa, turare, atamfa da leshi. A gefensa an manna takarda mai sunan mahaifina.

Abin da motar ta ɗauko ke nan. Sai ni a kujerar gaba, da rigar kamfani a kan abayata, da lalle ɗanye a hannu, muna gangara tudun Kugbo.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: sunana Nazeefa. Tun ina ƙarama aka kai ni makarantar kwana, daga can na wuce Malesiya, na dawo da digirin kwamfuta da wata irin Hausa da Gwaggo Safiyatu ke cewa kamar an wanke ta an shanya. Ban iya doguwar gaisuwa ba. Ba na kuka a gaban mutane. Ina aiki a wani babban kamfanin kai saƙo. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san korayen motocinsa.

Ofishina yana Idu, a saman rumbun da ake rarraba kaya. A ƙasa bel ke gudu. Kowane ƙunshi zai bi ta ƙarƙashin wani jan haske, na'ura ta karanta takardarsa, ta auna nauyinsa, ta ture shi zuwa layin unguwarsa. A sama mu ne, a gaban allo mai faɗin bango. Abuja ce a kan allon, kowace mota da kowane babur ɗigo ne mai motsi. Manhajarmu ke zaɓa wa direba hanya. Ta san lokacin da Nyanya ke cushewa, ta san gidan da ba shi da lamba sai jan get da bishiyar mangwaro, don duk ƙofar da aka taɓa kai wa kaya tana riƙe da hotonta. Ina cikin masu kula da ita. Ina son aikina. Ɗigo ba ya tambayar ki yaushe za ki yi aure.

Al-Amin kuwa a can Malesiya na san shi. A laburare ya ji ina yi wa firinta faɗa da Hausa, ya zo ya ce, “Ba ta jin Hausa, amma tana jin takarda,” ya zuba mata. Iyayensa sun rasu yana sakandare. Ƙawar mahaifiyarsa, wata nas a Kwali da ake kira Mama Lucy, ita ta riƙe shi a lokutan hutu. Ya taɓa gaya min cewa ita ke tashinsa sahur, ta soya masa doya, ta koma ta kwanta. Dangin mahaifinsa suna Yola. Mutum ne mai cika alkawari har abin ya ba ki haushi. In ya ce zai kira bayan la'asar, kina sallame sallah wayar za ta yi ƙara.

Baba, wato Alhaji Nababa, ya yi ritaya daga ma'aikatar ilimi ya gina gida a Kurudu. Yana son Al-Amin. Abu ɗaya ya nema: ya turo manyansa da kayan na-gani-ina-so, kamar yadda ake yi. An sa rana, gwaggwanninsa na Yola suka ce ba lafiya. An sake sawa, suka ce hanya. Baba ya ce wannan Asabar ita ce ta ƙarshe. In ba su zo ba, a bar maganar, kowa ya kama gabansa da mutunci.

Gwaggo Safiyatu, ƙanwar Baba, ta iso daga Funtuwa tun Alhamis da tandarta ta waina. Ta kuma iso da sunan Kabir, ɗan ƙawarta, ma'aikacin kwastam, wanda take jefawa cikin kowace hira kamar gishiri.

Da safiyar Asabar na ce zan leƙa ofis in dawo kafin azahar.

“Yau ma?” in ji Gwaggo. Tana tsugune a gaban ƙullu, da zani ɗaurin ƙirji. “Ana zuwa neman aurenki, ke kina zuwa kallon ɗige-ɗige?”

“Ai ba za a nuna ni ba, Gwaggo. A ɗaki za ku ɓoye ni.”

“A ɓoye ki ma ai sai kina nan.”

Ta riga ta shimfiɗa min leshi ruwan zuma a kan gado, da mayafi mai duwatsu, da sarƙar Umma. Na zura abaya na fita.

Ina zama a kujerata saƙonsa ya shigo.

Al-Amin: Duba wannan lambar a allonki.

Al-Amin: Na cika alkawari.

Na ɗauka agogo ne ko littafi. Na sa lambar. Mai aikawa, Al-Amin. Mai karɓa, Alhaji Nababa, Kurudu. Na gaggawa. An yi masa inshora. Abin da ke ciki ya rubuta shi dalla-dalla, har da launin leshin.

Cynthia, abokiyar aikina da ke gefena, ta leƙo. Ta karanta, ta sake karantawa.

“Nazeefa, saurayinki ya aiko lefe ta kamfani?”

“Ba lefe ba ne.”

“To mene ne?”

“Abin da ake kawowa kafin lefe. Mata ke kawowa. Da hannunsu.”

“Ayya,” ta ce, ta toshe baki. Kafaɗunta na rawa.

Na danna a tsayar da kayan. Allon ya ƙi. Ma'aikaci ba ya taɓa ƙunshin da za shi gidansu, manhajar ta san adireshin kowa a cikinmu. Cynthia ta gwada, ita ma aka ce sai mai aikawa ya nema da kansa. Na kira Al-Amin, bai ɗauka ba. Na duba inda akwatin yake. Ya wuce bel, ya wuce layin Karu, an riga an loda shi a motar Ishaya.

Oga Dominic, shugaban sashenmu, ya daɗe yana cewa mu 'yan sama mu riƙa bin mota, mu ga yadda hanyar da muke zanawa take a ƙasa. Ban taɓa bi ba. Ranar na zama mai biyayya. Na fizgi rigar kamfani na sauka da gudu.

Ishaya dattijon direba ne, mutumin Kwali, mai furfura a gemu da gyaɗa a aljihu. Wayar aiki na maƙale a gabansa, muryar mace na faɗa masa hanya. Ya sa wa muryar suna Monica, ko da yake Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

“Monica ya ce mu fara Mararaba,” ya ce da muka kusa gadar Nyanya. “Magani ne a firij, ba ya son jira.”

Na sani. A cikin firij ɗin akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke aika wa ofis labarin sanyi. Da ya fara ɗumi, manhajar za ta ture komai ta sa maganin a gaba. Na yi murna. Mararaba ranar Asabar ba a shiga a fita. Ban taɓa roƙon Allah ya kawo gosulo ba sai ranar.

Monica ta ce a yanke dama. Muka bi ta bayan masu katako, ta gefen wani coci, ta wani lungu da ban san mota na shiga ba. Sai ga mu a ƙofar mai magani, babban titi na can a tsaye cak.

“Kin gani?” Ishaya ya shafa wayar. “Aikinki ne, Anti. Kin koya masa da kyau.”

Na duba agogon wayata.

Wata tsohuwa ta fito da waya a hannu. Ta karanto lambar da aka tura mata, Ishaya ya shigar, allon ya koma kore. Ya miƙa mata maganin, ya ɗauki hoton ƙofar. Haka dokar take. In mai kaya bai faɗi lamba ba, ba a ba shi, ko da direban ɗan'uwansa ne.

Da ya dawo mota ya kalli lallen hannuna, ya kalli bayan motar.

“Wancan akwati, na babanki ne ko?”

“Nasa ne.”

“Ƙamshi yana tashi tun Idu. Biki ne?”

Na gaya masa a taƙaice. Bai yi dariya ba, abin da ya sa na ƙara ganin girmansa. Ya ɓare gyaɗa ya tauna.

“Yaron ya biya na gaggawa,” ya ce. “Yana sonki.”

“Ishaya, in ka danna cewa ba a sami gidan ba fa?”

Ya rage gudu. “Zan iya. Amma Monica ya san gidanku. Jan get, mangwaro. Na sha kai wa Alhaji littafi. In na ce ban gani ba, sistem zai ce ƙarya ne, ya rage min maki. Maki ya sauka, su cire ni a wannan hanya.” Ya ɗora yatsa a kan allon. “Ke kin fi ni sani. Amma in kin ce danna, zan danna.”

Na fi shi sani. Na san ma yadda abin zai bayyana a allon Cynthia, ja, da sunansa a gefe. Na kalli yatsan nasa.

“Bari,” na ce. “Mu je.”

Mun wuce Karu muna shiga Jikwoyi wayata ta yi ƙara. Ishaya ya miƙa hannu ga rediyo. Na ɗauka zai ƙara sauti don ya ba ni sirri. Ragewa ya yi.

“Kin gani?” in ji Al-Amin. Muryarsa a sake, kamar wanda ya ci jarrabawa. “Ina bin ɗigon tun ɗazu. Ya kusa.”

“Ina cikin ɗigon.”

“Me?”

“Ina cikin motar. Ka soke shi.”

“Don me? Baba ya ce kaya su iso Asabar.”

“Baba ya ce manyanka su iso Asabar.”

“Na shirya wannan. Da an buɗe akwatin zan haɗa su da Gwaggo Rukayyat ta bidiyo, ta gaisa da kowa, ta yi bayani.”

Gwaggo Rukayyat ita ce babba a cikin na Yola. In ta tashi, sauran za su tashi.

“Ta yarda?” na ce.

Na kira sunansa.

“Al-Amin.”

“Ba ta ɗaukar wayata.”

“Tun yaushe?”

Na ji ya ja kujera ya zauna. Sakewar ta fita daga muryarsa. “Ba rashin lafiya ba ne, Nazeefa. Ba hanya ba ce. Lokacin da mijinta ya rasu muna Malesiya, ina tsakiyar jarrabawa. Na tura mata dogon saƙo na ta'aziyya. Da na dawo na aika mata atamfa da turare. Ban je ba. Ta ce wanda bai tako ƙofarta ranar kuka ba, ba za ta taka masa ƙofar wani ranar murna ba.”

“Kai komai aikawa kake yi.”

Na faɗa da zafi, amma kafin in rufe baki na tuna bikin sunan ɗiyar ƙawata da na halarta ta hanyar saƙon murya. Mu biyun makaranta ɗaya ta koya mana: in abu ya isa, ya isa. Ba wanda ya gaya mana ana duba wa ya kawo.

“Me ya sa ba ka gaya min ba?”

“In ce miki me? Ba ni da wanda zai taka min?” Ya yi ɗan tari. “In na soke, yau ba abin da zai zo gidanku, ba mutum ba kaya. Baba zai ce wasa nake yi da 'yarsa. Gara ya ga ban manta ranar ba. Goron ma ni na zaɓa, ɗaya bayan ɗaya. Mai goron ya ce bai taɓa ganin mai saye da ke duba kowanne a rana ba.”

Ku yi min uzuri, masu karatu. Wannan ne wurin da ya kamata in yi fushi, amma sai na hango shi tsugune a kasuwa da tabarau yana ɗaga goro sama.

“In kin ce in soke, zan soke,” ya ce.

Na buɗe baki. Wayar Ishaya ta yi ƙit.

“Ya tafi,” in ji Ishaya.

In mota ta kusa gida, manhajar da kanta take tura wa mai kaya saƙo. Na san kalmomin, don ni na rubuta na Hausa, har na yi gardama a taro a kan sai an sa gaisuwa. “Ranka ya daɗe, kayanka daga Al-Amin sun kusa ƙofarka. Ga lambar karɓa.” Yanzu yana cikin wayar Baba.

“Bar shi,” na ce wa Al-Amin. “An riga an yi sallama.” Na kashe.

Get ɗinmu a buɗe yake, duka ɓangarorin. An kafa rumfa a tsakar gida, an jera kujerun roba, an shimfiɗa babbar darduma. Ƙamshin miyar taushe ya tare mu tun daga kwana. Matan unguwa sun cika rumfar, kowacce da ɗaurinta. Maman Najwa, maƙwabciyarmu da aka ba aikin guɗa, tana jin ƙarar mota ta ɗora hannu a hanci ta fara. Koriyar mota ta shigo. Guɗar ta yanke a tsakiya.

Gwaggo ta fito. Ta sha leshi ruwan gwal, ɗaurinta ya kusa taɓa rumfa. Ta leƙa bayan motarmu ko akwai wasu motocin. Babu sai ƙura.

“Ina baƙin?”

Ishaya ya sauko ya rusuna. “Sannu Mama. Saƙo ne wa Alhaji.”

Sai na buɗe ƙofa na sauko ni ma.

Gwaggo ta dube ni daga rigar kamfani har takalmi. Ta dubi akwatin da Ishaya ya sauke a hankali a bakin darduma. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi muni.

“Ke kika ɗauko kayan aurenki da kanki?”

“Aiki ne ya biyo da ni, Gwaggo.”

“Ko tuwo za a kai wa maƙwabci, mutum ake ba. Mu an aiko mana tare da katifa.” Ta leƙa cikin motar. “Da injin markaɗe.”

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki. Na san tafiyarta. Dariya za ta je ta yi a kicin.

Baba ya fito daga falonsa da farar jallabiya, tabarau a karan hanci, waya a hannu. Ya karanta saƙon a fili, a nutse, kamar yana karanta sanarwar ma'aikata. Da ya zo kan lambar ya tsaya.

“Wa ya rubuta wannan?”

“Ni ce, Baba.”

“Hausarki ta gyaru, Injiniya.” Ya juya ga Ishaya. “Malam, zauna. A ba shi waina.”

“Oga, in na daɗe a tsaye ofis zai kira.”

“Ofis ɗin ga shi nan tsaye da lalle. Zauna.”

Ishaya ya zauna a kujerar da aka tanadar wa Gwaggo Rukayyat. Aka ajiye masa faranti. Baba ya zauna kusa da shi ya ce ya nuna masa yadda abin yake.

“Hanya uku ne, Oga. In ka faɗi lamba, kaya ya zama naka.”

“In na ƙi?”

“Yau ɗin nan zai koma wurin mai shi.”

“Wannan za ka danna, Yaya,” in ji Gwaggo.

“Na ukun fa?”

“A ajiye. Zai zauna a rumbu sati ɗaya. In ba a karɓa ba, sistem da kansa zai mayar. Ba mai iya roƙonsa.”

Baba ya yafito ni. Muka koma gindin mangwaro, inda mata ba za su ji ba, ko da yake duk sun daina tauna.

“Me ya hana su zuwa?”

Na gaya masa. Ta'aziyyar, saƙon, atamfar, goron. Ban ƙara ba, ban rage ba.

“Me ya sa bai zo ya faɗa min ba?”

“Kunya.”

“Kunya ta hana shi zuwa, ba ta hana shi turo min mota ba.” Ya cire tabarau ya goge da bakin jallabiya. Ya daɗe yana gogewa. “Yaron nan ya zauna a falona ya gyara min waya har magariba. Ya san inda ƙofata take.” Ya mayar da tabarau. “Kina son shi?”

Ba a taɓa yi min wannan tambayar a gidanmu ba. Na kalli tushen mangwaron.

“Eh, Baba.”

“Ko da sakarcin?”

“Irin nawa ne.”

Ya yi wani sauti a hanci ya koma rumfa. Ya tsaya a kan akwatin, ya yi magana yadda kowa zai ji.

“A ajiye. Lambar tana wayata, ba zan karanta wa inji ba. Ranar da mutum ya biyo akwatin nan, ya zauna a wannan dardumar, ya ce ya san yaron tun yana ƙarami kuma ya tsaya masa, zan karanta.”

“Dangi, Yaya,” in ji Gwaggo. “Na jini.”

“Mutum na ce.”

Ishaya ya goge hannu ya danna. Allon ya koma ruwan ɗorawa. Daga wannan lokacin manhajar ta fara ƙirga satin, kuma na san ba ta da inda ake shiga a ba ta haƙuri. Da akwai, da ni na gina.

Gwaggo ta gyara ɗaurinta. “To ni ma a ji tawa. Mutanen Kabir sun daɗe suna neman rana. Asabar mai zuwa za su zo. Da ƙafafunsu.”

Na jira Baba ya ce a'a.

“Mai sallama ba a kore shi,” ya ce. Ya dube ni ta saman tabarau. “Zaɓi naki ne, Injiniya, ba wanda zai yi miki. Amma ba a zaɓar wanda bai zo ba.”

Ya shige falo. Mata suka dawo da tauna. Maman Najwa ta ce tunda an dafa ai sai a ci.

Ishaya ya ɗaga akwatin ya mayar. Ina tsaye ina kallo Gwaggo ta ɓace, ta dawo da kula a hannu, ta dangwara masa a ƙirji.

“Ka kai wa sakaran. Na san tun safe bai ci komai ba, yana can yana kallon waya.”

“Mama, wannan ba shi da takarda. Monica bai san shi ba.”

“Wace ce Monica? Matarka?”

“A'a, Mama, na cikin waya.”

“Ka ce mata Safiyatu ce ta aiko.” Ta juyo kaina, da alama yanzun nan Umma ta tsegunta mata a kicin. “Maraya ne ashe? Ba wanda ya gaya min.”

“Ba ki tambaya ba, Gwaggo.”

“Kar ki ga na ba shi waina ki ɗauka na canza. Yunwa daban, aure daban.”

Ishaya ya sa kular a ƙarƙashin kujerarsa. Ya ce waina ba kaya ba ce, abincin direba ne, in ya tashi aiki zai san inda zai kai ta. Wayata ta yi ta motsi a aljihu.

Al-Amin: Ya koma ruwan ɗorawa.

Al-Amin: Me ya faru?

Al-Amin: Nazeefa don Allah.

Na zagaya bayan motar na kira shi. Na gaya masa abin da Baba ya ce, kalma da kalma. Na gaya masa na Kabir.

“Yola ba za su zo ba,” ya ce. “Ko na je yau, sati ɗaya ba zai wanke ni ba.”

“Yola za ka je, wannan dole ne, aure ko ba aure. Amma Baba bai ce Yola ba. Wa ke tashinka sahur?”

Ya gane wadda nake nufi.

“Mama Lucy ba danginmu ba ce. Ba musulma ba ce. Gwaggonki za ta…”

“Baba ya ce mutum.”

Ishaya, da ke ɗaure katifa a gefena kamar ba ya jin muryar da ke fita daga wayar, ya ce wa katifar, “Mama Lucy nas? Shi ya yi wa duk yarana allura. Har yanzu suna gudu in sun gan shi.”

“Bari in kira ta yanzu,” in ji Al-Amin.

“A'a.”

“To in tura mata—”

“Yaushe rabonka da Kwali?”

“Duk wata ina aika mata maganin hawan jini. Ta kamfaninku ma.”

“Ban tambaye ka magani ba.”

“Tun da na dawo ban je ba. Da wane ido zan shiga, ranar da nake da buƙata?”

“Da wanda kake da shi.”

“In na kama hanya ni kaɗai, na san kaina. Zan kai Gwagwalada in juyo, in ce gobe.”

Na san gaskiya ya faɗa. Mutumin da ke cika kowane alkawari, wannan ne kaɗai ba zai ɗauka ba, don ya san ba zai cika ba.

Ishaya ya rufe bayan motar, akwatin na ciki. Monica ta fara kiran mai injin markaɗe. Gwaggo na tsaye a bakin get, hannu a ƙugu, ashe ta ji rabin maganar.

“Nazeefa, ki zo ki cire rigar nan. Kuma in gaya miki, 'ya mace ba ta yawon nemo masu neman aurenta. Ba a yi a gidanmu.”

“Ban tashi aiki ba, Gwaggo. Sai na dawo.”

Na hango Umma a tagar kicin. Ta ɗaga min ludayi, ta saki labule.

Na hau kujerar gaba na ja ƙofa ta rufu. Wayar na kunnena.

“Ba zan shiga ba, ba zan yi maka magana ba, bakinka ne zai roƙa,” na ce. “Amma gobe da safe ka shirya. Ni da Cynthia za mu zo, ni zan tuƙa. Zan kai ka Kwali har ƙofarta, kuma ba zan tayar da mota ba sai na ga ta buɗe.”